Barcin da Likita ke Aunawa

Hausawa na cewa barci ƙanen mutuwa ne. A ɗakin reyanimasiyo, inda ake kwantar da wanda aka yi wa babban aikin fiɗa, maganar tana da nauyi na daban. Majinyaci na kwance da bututu a maƙogwaro, na'ura na hura masa iska cikin huhu. Da wuya mutum ya jure bututun nan ido biyu, don haka ake zuba masa maganin barci ta jijiya.

Magunguna uku ne suka fi shahara. Midazolam yana da araha, yana kwantar da fargaba, amma yakan taru a jikin tsoho ko mai ciwon ƙoda, har majinyaci ya yi jinkirin farkawa, ko ya farka a ruɗe bai gane ƴaƴansa ba. Furofofol, fari kamar madara, wanda ya shiga kasuwa a Ingila a 1986, yana kamawa nan take, yana kuma saki da wuri idan an tsayar da shi. Aibinsa shi ne saukar da ƙarfin jini, kuma ba ya kashe zafin rauni. Deksmedetomidin, da Amurka ta amince da shi a 1999, yana barin mutum cikin gyangyaɗi, a kira sunansa ya buɗe ido, sai dai yana rage bugun zuciya.

An daɗe ana ɗaukar barci mai zurfi a matsayin tausayi. A shekarar 2000 wani bincike a Shikago ya girgiza wannan tunani: majinyatan da ake tsayar wa magani kullum har su farka sun rabu da na'ura cikin kwana biyar, sauran kuwa sai da suka haura bakwai. Shi ya sa ƙa'idojin likitocin Amurka na 2018 suka fifita barci marar nauyi, suka kuma fifita furofofol a kan dangin midazolam bayan aikin zuciya.

Dangi da ke jira a bakin ƙofa sukan samu natsuwa idan aka ce nasu na barci lami lafiya, su firgita idan aka ce ya motsa. Sau da yawa motsin nan ne abin murna. Kowace rana a kan na'ura tana ƙara hatsarin ciwon huhu da sanyin gaɓoɓi. Gwanin likita yana auna magani ne daidai yadda, idan ya ce wa majinyaci ya matse hannunsa, zai ji yatsu sun amsa.