Dare Ɗaya a Kan Duwatsun Atlas

Ziyarar Shehu Tijjani ce ta kai ni Fas, amma labarin da na fi bayarwa tun da na dawo na wani malamin makaranta ne da muka haɗu a jirgin ƙasa zuwa Marrakesh. Ya ƙi yarda kowa ya taɓa akwatinsa. Da na tambaya, ya ce madubin hangen taurari ne, Ukaimedin za shi, in ina so in zo mu tafi.

Na kuwa bi shi. Ukaimedin yana kan duwatsun Atlas, tsayinsa ya haura mita 2,600. Masaukin da na samu kuwa, Allah ya sauwaƙe. Taga ba ta rufuwa, bargo yana warin tumaki, ruwan alwala ya sandarar mini da yatsu. Girkin namansu da suke kira tajin ba laifi, sai dai babu yaji, kuma a wurina naman da ba yaji bai gama dahuwa ba.

Bayan lisha ya kafa na'urarsa, ya hana ni kunna fitilar waya. "Alhaji, yi haƙuri, sai ido ya yi kamar rabin awa kafin ya saba da duhu." Abin da yake farauta wani gungun taurari ne mai suna M74, wanda Bafaranshe Pierre Méchain ya gano a 1780. Haskensa kan yi shekara kusan miliyan 32 a hanya kafin ya iso mu. Na leƙa, ban ga komai ba sai ɗan dishi-dishi.

Ashe kyamara ce mai aikin. Wani ɗan inji yana juya madubin sannu a hankali yana bin tafiyar taurari, kowane hoto minti biyar. Haka muka kwana, yana ta ɗura mini shayin na'ana'a, har rigar ulunsa ya cire ya yafa mini. Gab da asuba ya tattara hotunan a kwamfuta ya haɗe su. Sai ga abu ya fito, hannaye a murɗe kamar saƙar faifai. Na ce Subhanallah!

Ni ma na nuna masa Kaza da 'Ya'yanta, na gaya masa tsofaffinmu da taurari suke gane shigowar damina, ba su jiran kalanda. Ya rubuta sunan a littafinsa.

Marrakesh kasuwa ce da 'yan yawon buɗe ido, ba wani sabon abu. Amma duhun da mutumin nan yake hawa dutse nema, muna da shi kyauta a ƙauyukanmu, musamman bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko. Malaman kimiyyarmu, ku riƙa fitar da yara waje da dare.