Ƙarar Da Ta Hana Ni Barci A Keken Babanmu

Laifi zan tona muku, kuma nawa ne.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, babur ɗin Babanmu ya koma jingine a zaure, don albashinsa na malamin makaranta ba zai ɗauki man zuwa Kibiya daga Rano kullum ba. Ummanmu ce ta sayar da tumakinta biyu, ta haɗa da kwasar adashinta, aka je Kano aka sayo masa keke mai caji. Ranar da aka kawo shi har maƙwabta sai da suka shigo kallo, ga feda kamar na kowane keke, amma da ka murɗa hannu sai ya tafi suuu, ba hayaƙi ba ƙugi.

To ni dai tun ina yarinya nake sha'awar keke, kun kuwa san a garinmu budurwa a kan keke abin magana ne. Wata Juma'a Baba ya tafi masallaci, Umma ta shiga barkar suna, na ɗare shi a tsakar gida. Ashe murɗawa kaɗan yake so. Kafin in ankara na yi karo da turmi, ni da keken muka zube rijif! Na tashi jiki na ɓari na goge shi tas, na mayar da shi inda yake, na ja bakina na yi gum.

Bayan kamar mako guda Baba ya dawo yana cewa keken ya soma wata 'yar ƙara, ƙyas-ƙyas-ƙyas, daga baya. Gabana ya faɗi ras. Baba ya dubi autanmu ya ce, "Kai, taɓa keken nan ka yi ko?" Yaro ya rantse har da hawaye, amma da yake an san shi da taɓe-taɓe ba wanda ya yarda. Aka hana shi zuwa ƙwallo. Ina tsaye ina kallo, wallahi na kasa buɗe baki.

Mai gyaran farko ya ce sarƙa ce, ya zuba mata mai. Na biyu ya ce boris ne, ya canza ya karɓi kuɗi. Baba da kansa ya yanko robar tsohuwar taya ya tokare batir, wai ko shi ke kaɗawa. Ƙara tana nan daram. Abin da ya fi ba da haushi, da an ɗaga tayar baya an juya ta a gaban mai gyara sai ka ji tsit, kamar mai ciwon haƙorin da ya warke a ƙofar asibiti. Kakarmu kuwa cewa ta yi abin da ke tafiya ba mai ba hayaƙi dama ai sai a hankali, har turare ta sa aka yi masa.

Ni abin da nake tsoro shi ne inji, wannan kumburarren ƙarfe da ke tsakiyar tayar baya, don na ji an ce in ya lalace kuɗinsa ba na wasa ba ne. Tumakin Umma nake gani a ido in na kwanta.

Sai na fara yi wa Baba tambaya cikin dabara ina zuba masa ruwan alwala. "Baba, in ka daina taka feda tana dainawa?" Ya ce a'a. To ba sarƙa ba ce ke nan. "In ka kashe makunnin a gangara fa?" Ya ce tana nan, kuma in ya ƙara gudu ita ma sai ta ƙara sauri. Nan na ɗan sami sa'ida, tunda ko ba wuta tana yi, ƙila ba injin ba ne.

Ran Asabar na roƙi Baba ya bar auta ya zagaya da shi a tsakar gida. Shiru. Na ce a ɗora rabin buhun masara a kariya. Ai kuwa sai ga ta, ƙyas, ƙyas! Ashe nauyi take so, shi ya sa take ɓuya in an ɗaga tayar. Na ɗauko alli na yi wa tayar zane, ina binsu a tsugune kamar mai neman allura, na lura duk lokacin da zanen ya sauko ƙasa ne take yi, sau ɗaya a kowane juyi.

Na sa aka jingine shi, na bi siraran ƙarafan nan da ke riƙe da garen taya ina ƙyasta su da farce ɗaya bayan ɗaya kamar tsirkiyar molo. Guda 36 na ƙirga. Masu ƙarfi suna cewa tin, tin. Uku a kusa da zanen allina suka ce ɓaf, suna lilo a hannuna, ɗaya ma ya karye daga gindi inda ya lanƙwasa ya shiga jikin injin.

Da Baba ya kai wa wani dattijo mai gyaran keke, ya canza karyayyen, ya ɗaure sauran, ya daidaita garen. Ya ce wa Baba irin wannan keke injinsa daga tsakiyar taya yake fizga, ga nauyin batir, ga kaya, ga ramuka, dole su riƙa saki, kuma da an ƙara barinsu tayar karkacewa za ta yi, wata rana ta kayar da shi a kan hanya. Ya ce ba hannun kowa a ciki.

Na ji daɗi, amma wani abu ya tokare mini ƙirji, don auta ya sha faɗa a kan hawan da ni na yi. Da daddare na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, har da turmin. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Je ki ba ƙaninki haƙuri, ba ni ba."

Auta ya ce ya yafe, amma sai na yi masa wankin kayan makaranta na wata guda. Na yi.