Kafin ka sayi farantin kuloci, ka fara saurare

Yau zancen tsohuwar moto za mu yi, da ƙarar da kan fito mata bayan an gyara giya. Abin ya shafi 'yan kabu-kabu, ya shafi masu dakon albasa, ya shafi duk wanda abincin gidanshi ke bisa taya biyu.

Mu nan bakin iyaka suna biyu muke ba abu guda. Wani ya ce kuloci, wani ya ce ambiriyaji. Wani ya ce boris, wani rulma. Amma da ƙara ta fito, maganar kowa ɗaya ce: "A canza faranti!" To ba kullum ne laifin faranti ba. Faranti in ya cinye, sulɓi yake yi: ka ba da wuta, inji ya yi kuka, moto ba ta ja. Kwaramniya kuwa daga wani wuri take fitowa.

Tawa Honda CG125 ce, gadon baba, Allah ya jiƙan shi. Irin ta aka fara ƙerawa a 1975, don ƙasashe masu turɓaya da wuyar hanya irin namu. Da ita nake zirga-zirga tsakanin Konni da Galmi lokacin albasa. Bara giya ta uku ta dinga fita da kanta, na kai ta gareji. A wannan injin ba a isa ga giya sai an cire kuloci an raba inji biyu. Ke nan duk wanda ya gyara maka giya, ya taɓa kuloci, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Giya ta gyaru, amma sabon abu ya fito. In tana firi sai ka ji kwaram-kwaram ta gefen dama. Ka sa ta ɗaya, ta buga gaf, tana son tafiya alhali hannuna na riƙe da kuloci. Majalisa kowa ya zama makaniki. Wani ya ce faranti, wani ya ce inji ya gama, in saida tun tana da daraja.

Wani dattijon makaniki ne ya ce, "Ɗana, tada ta, ka yi shiru." Ya ɗora bakin sukudireba bisa murfin inji, ya kanga ƙotar ga kunnenshi, ya sa ni kama kuloci ina saki. Ga abin da na koya wurinshi.

In ƙara tana nan a firi, ka kama kuloci ta ɓace, a duba sandar giya da boris ɗinta, don kama kuloci ne ke tsayar da wannan sandar. In kuwa sai ka kama kuloci take fitowa, a duba ƙaramin boris da ke tura faranti. In ƙara ta canza kawai ba ta ɓace ba, kuma moto na jan jiki, sai a duba gidan kuloci da yadda aka mayar da shi. Kafin duk wannan, a duba waya: bakin hannun kuloci ya samu wasa kamar milimita 10 zuwa 20. Sannan a tsiyaye baƙin mai a kwano mai tsabta, a kalle shi cikin rana. In yana ƙyalli da garin ƙarfe, kar a ƙara hawa.

Tawa da aka buɗe murfin dama, washa guda ce babu, wadda ke zama tsakanin gidan kuloci da cibiyarshi. Yaron shago ya bar ta cikin tire. Faranti lafiya lau. Na koma wurin mai garejin da ya yi aikin, muka yi magana ba hayaniya, ya nemo ta ya mayar, bai karɓi ko dala ba.

Ku tuna lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, yadda kayan moto da ke shigowa ta Illela ta Najeriya suka yi tsada. Wanda ya sayi abin da bai lalace ba, kuɗin cefane ya zubar. Wanda kuma ya ce "za ta daina da kanta" ya ɗauki fasinja ya hau babbar hanya tsakanin tireloli, ran mutum biyu ya sa a caca.

Shawarata: ranar da ka karɓi moto daga gyara, tada ta nan gaban makaniki, ku saurara tare. In kun ji baƙon sauti, a buɗe tun ƙarfe bai ci ƙarfe ba. Ku kuma iyayen gidanmu makanikai, ku dinga jera abin da kuka kwance bi da bi, ku duba tire kafin a rufe murfi.

Allah ya tsare hanya, ya ba kowa halalinshi. Amin.