Daga Turke Zuwa Gona: Yini Guda Tsakanin Funtuwa da Malumfashi

Ƙarshen watan Afrilu ne na bar Funtuwa da sassafe, na kama hanyar Bakori zuwa Malumfashi. Bazara ta kankama, hadari sai ya haɗu ya watse, kowa ya duƙufa sharar gona. Dama da hagu hayaƙi ke tashi inda aka tara tushiyar masara aka cinna mata wuta. Da muka wuce Bakori kaɗan na hango wata gona an jera mata tsibi-tsibin taki baƙi wuluk, kamar da igiya aka auna, sai na ce wa direba ya tsaya.

Mai gonar dattijo ne, shi da jikokinsa biyu suna sauke taki daga amalanken shanu. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, duk wannan sayowa aka yi?" Ya ce, "A'a ɗana, daga turke ya fito." Bijimai biyu gare shi, da 'yan tumaki da awaki. Da kaka yakan kwashe karan dawa da harawar wake ya kai gida, dabbobi su ci rani kaf. Abin da suka tattake, da kashi da fitsari, a haɗa da toka da sharar tsakar gida, a bar shi ya ruɓe, a dawo da shi gona kafin ruwan shuka.

Ya tona ƙasa da hannu ya zuba mini. Tana da duhu da ɗan sanyi, ta dunƙule a tafin hannu, da na murza ta warware kamar dambu. Muka taka zuwa gonar da ke iyaka da tasa. Ja ce, ta yi fako, dunduniya ma ba ta shiga. Irin wannan in ruwa ya sauka gudu yake yi, ya tafi da ɗan abin da ya rage.

Wannan yanki ya daɗe yana ciyar da wasu. Tun zamanin Turawa aka fara gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, a wancan lokaci jirgin ƙasan da ke zuwa Ƙaura Namoda yana kwasa. A 1975 aka fara aikin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, ya zo da takin zamani mai araha da sabon iri da hanyoyin karkara. Masarar da a da ake shukawa bayan gida don gasawa ta zama abin cika tireloli a kasuwar Dandume. Ban raina wannan ba, gidaje da yawa da kuɗin masara aka yi musu rufin kwano. Sai dai masara tana da ci, kuma an yi ta maimaita ta a gona ɗaya shekara da shekaru. Takin buhu shuka yake ciyarwa, ba ya mayar wa ƙasa ruɓaɓɓen ganye da kara, waɗanda su ne ke riƙe mata laima. Ƙasa na gajiya sai wuta-wuta ta shigo, buhun taki kuma yau ya fi ƙarfin talaka.

Shi ya sa dattijon ke juya shuka: bana masara, baɗi waken suya. Saiwar waken tana tara sinadarin naitirojin daga iska, wasu nau'o'insa kuma sukan sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro, ta rasa abin kamawa ta mutu. Masu binciken aikin gona na Samaru da na cibiyar IITA sun daɗe suna koyar da haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar shanu. Da can ana gama girbi Bafillatani zai sauka da garkensa a gona, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba da damin dawa, a rabu da mutunci. Yanzu kara ya zama kuɗi, amana ta yi ƙaranci, 'yan bindiga kuma sun addabi Faskari da Sabuwa da Dandume. Manoma da dama sun sayar da shanun huɗarsu tun kafin a zo a kore su cikin dare. Ana lissafin rayuka da dukiyar da aka rasa, kuma ya cancanta a lissafa, amma kowane bijimin da ya bar turke akwai gonar da ya bari ba taki.

Daf da Malumfashi na lura gawo ya yi ƙaranci a gonaki, itacen da ke zubar da ganye da damina ya ba shuka rana da taki, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'yansa. A Maraɗi, tun daga 1983 manoma suka koma ƙyale tohon da ke fitowa daga kututture maimakon sare shi, har miliyoyin kadada suka sake yin itatuwa. Nan ya fi can ruwa nesa ba kusa ba, da an yi haka da tohon ya fi saurin tashi. Na tuna dattijon Bakori ya nuna mini toho uku da ya kewaye da ƙaya, ya ce ya gargaɗi jikokin kada fartanya ta taɓa su. Da na waiwaya lokacin da nake barin gonarsa, sun riga sun juya amalanke, saura sawu huɗu kafin azahar.