TSOHON KARE SAI MAI SHI

Bahaushe ya ce tsohon doki sai mai shi. Da wanda ya fara yin wannan karin magana ya taɓa leƙa ɗaya daga cikin gidajen da Turawan Ingila suka gina domin ajiye karnukan da suka rasa iyayengijinsu, da ya ce tsohon kare ma haka, har ya fi. Shi doki ko ya tsufa akan tuna ranar da ya yi hawan salla, amma kare in ƙarfinsa ya ƙare ba kowa ke da abin tunawa da shi ba.

Mai karatu zai iya yin mamakin jin cewa ana gina wa karnuka gida, har a ɗauki ma'aikata da likitoci. A ƙasar Hausa kare na farauta ne ko na gadi, wurinsa kuwa waje. To, su ma mutanen Ingila sun yi irin wannan mamaki da farko. Lokacin da wata mace mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓata ko yunwa ta galabaitar a unguwar Holloway ta birnin Landan cikin 1860, jaridar Times ba'a ta yi mata, aka ce yaya za a ciyar da kare alhali ga 'yan Adam suna kwana a titi. Shahararren marubucin nan Charles Dickens yana cikin waɗanda suka goyi bayan gidan. Matar ta rasu a 1865, ba ta ga ranar da aka mai da shi unguwar Battersea a 1871 ba, balle ranar da Sarauniya Biktoriya ta zama uwar ƙungiyar. Har yau gidan yana nan a gefen layin dogo, kuma irinsa sun bazu ko'ina cikin ƙasar.

A wani ƙaramin gida irin wannan, a bayan birnin Landan, wani dattijo ya shiga wata safiya cikin kakar 2019. Tsohon direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, shekararsa 74, matarsa ta rasu shekara guda kafin nan. 'Yarsa tilo, wadda ke aure a Kanada, ita ta matsa masa a waya kullum: "Baba, ka samo ɗan kwikwiyo ya riƙa ɗebe maka kewa, gidan nan ya yi maka girma." Ya ce to. Bai gaya mata lissafin da ya kwana yana yi ba. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya, ƙananan jinsi ma sukan wuce haka. In ya ɗauki kwikwiyo, to sai ya kai kusan shekara 87 kafin ya sauke amanarsa, shi kuwa mahaifinsa bai kai 80 ba. Mutumin da ya yi shekara 40 yana kiyaye lokacin tashin jirgi da na isarsa ba ya ɗaukar kayan da ya san ba zai kai su tasha ba.

Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan wuri ya san yadda abin yake. Masu zuwa, galibi ma'aurata da 'ya'yansu, sukan yi cincirindo a gaban kejin ƙananan, waɗanda ke tsalle suna kaɗa wutsiya kamar sun san ranar kasuwarsu ce. Karen bana, in ji masu magana, shi ke maganin zomon bana. Can ƙurya kuwa akwai waɗanda ba sa ko tashi. Ba wai mugun hali ne ya kai su can ba. Yawancinsu daga gidan mutunci suka fito: mai su ya rasu, ko an kai shi gidan kula da tsofaffi inda ba a yarda da dabba, ko ya koma gidan hayar da maigidan ya hana. Wanda aka tsinta a titi kuma, doka ta ce ƙaramar hukuma ta riƙe shi kwana 7, in ba a zo nema ba a ba da shi ga wani. Tun 2016 aka wajabta sa wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi, amma na'ura ba ta iya tilasta wa mutum ya amsa waya.

A gaban ɗaya daga cikin na ƙuryar dattijon ya tsaya. Baƙin kare ne mai matsakaicin girma, furfura ta rufe masa baki da gira, idonsa na hagu ya yi yana. Takardar da ke manne a kejin ta ce shekararsa 11, kuma wata 5 ke nan yana wurin. Yarinyar da ke kula da sashen ba ta ɓoye masa kome ba, abin da ya kamata a yaba mata ke nan. Ta ce: "Baba, wannan yana da sanyin ƙashi a ƙafafun baya, ba ya ji sosai, an cire masa haƙora 6. Magani zai riƙa sha kullum, kamfanin inshora kuma ba ya biyan kuɗin ciwon da dabba ta zo da shi. In an yi sa'a, shekara biyu." Dattijon ya ce da ita: "'Yata, ni ma abin da likitana ya karanta mini ke nan, sai dai ni bai faɗi shekarun ba."

Ba a ba shi a ranar ba. Sai da aka yi masa tambayoyi, aka duba gidansa da shingen lambunsa, ya sake zuwa sau biyu suka zaga fili tare, sa'an nan ya biya kuɗin da aka yanka ya sa hannu.

Masu tallar wannan al'amari sukan ce tsohon kare ba shi da wahala: ya san ba a fitsari a ɗaki, ba ya tauna takalmi, ba ya bukatar gudu. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, tsohon kare yana zuwa da tarihinsa, kuma ba shi da bakin ba da labari. Mako uku cur karen nan yana kwance a bakin ƙofar shiga, hancinsa a ƙasa, yana jiran wani mutum dabam. In ƙarfe 4 na yamma ta yi sai ya miƙe ya tsaya gaban kabad ɗin kicin, ba a san abin da aka saba ba shi a wannan lokaci ba. Dattijon ya gwada biskit, ya gwada nama, daga bisani ya gane gutsuren burodi ne da man shanu. Bai sake masa suna ba, ko da yake sunan bai yi masa daɗi ba. Ya ce wanda aka raba da gidansa bai kamata a raba shi da sunansa ba. Ƙwayar magani a cikin cuku yake ɓoye ta. Da ya ga karen ba ya iya hawa matakala, yana kwana shi kaɗai a ƙasa yana kuka ƙasa-ƙasa, sai ya kira maƙwabcinsa suka sauko da gado daga bene zuwa falo, watau ɗakin da ya yi shekara 45 yana kwana ciki da matarsa ya bar shi saboda kare.

Sai ga watan Maris na 2020, annobar korona ta sa gwamnati ta kafa dokar zaman gida, ba a yarda mutum ya fita motsa jiki ba sai sau ɗaya a yini, aka kuma gargaɗi waɗanda suka haura 70 su yi nesa da jama'a. Watanni suka shuɗe dattijon bai taɓa hannun ɗan Adam ba. A lokacin ne mutanen Ingila suka yi rububin sayen 'yan kwikwiyo har farashinsu ya yi tashin gwauron zabi, da yawa kuma daga cikinsu aka komo da su gidajen nan bayan an koma aiki kuma tsadar rayuwa ta kunno kai a 2022. Shi dai kowace safiya yakan ɗaura wa nasa igiya su tafi a hankali har bakin gadar jirgin ƙasa, tafiyar da saurayi zai yi cikin minti 5 su yi ta cikin 20, su tsaya jirgin ƙarfe 8 ya wuce, su juyo. Ba wanda ke jan wani.

Karen ya zarce abin da yarinyar ta ƙiyasta da wata 8. Cikin bazarar 2022 ƙodarsa ta gaza, ya daina cin ko burodin yamma. Likitan dabbobi ya zo har gida ya yi masa allurar da Turawa kan yi wa dabbar da ba ta da sauran magani, kansa yana bisa cinyar dattijon. 'Yarsa ta yi kuka a waya, ta ce: "Baba, ai abin da na guje maka ke nan." Ya ce da ita ba ta guje masa kome ba, tun ranar farko ya san tashar da za su sauka.

Bai mai da gadon bene ba. Da sanyi ya shigo ya koma gidan karnukan, yanzu yana da shekara 77, yana dogara sanda. Wata yarinya dabam ya tarar. Ya ce ta nuna masa wanda ya fi kowa daɗewa, ta kai shi wurin wata 'yar karya ja mai shekara 12, wadda aka ɗauko daga ɗakin wata tsohuwa. Wannan karon shi ya yi tambaya: in shi ya riga ta fa? Aka gaya masa akwai ƙungiyoyi irin su Dogs Trust da Cinnamon Trust da ke karɓar dabbar wanda ya rasu in ya yi rajista tun yana da rai, su ma kuma za su karɓe ta. Ya nemi takardar, ya sa tabarau, ya cike ta layi-layi, ya rubuta lambar wayar maƙwabcinsa. A wurin da aka bari don ƙarin bayani bai rubuta kome ba tukuna, ya ce sai ya gano abin da take ci da ƙarfe 4.