Kowace kyamara da irin fim ɗin ta

Harkar fim ɗin Hausa a kan kaset aka haife ta. Tun daga 'Turmin Danya' na Tumbin Giwa a 1990, da bidiyo ake ɗauka, shi ya sa 'yan fim ƙalilan ne su ka taɓa riƙe fim na ainihi, irin wanda ake wankewa a haska da majigi. Wannan rashin sabo ya kusa jawo wa wani matashi asara.

Ɗan garin Boko ne, a ƙaramar hukumar Kusada, sana'ar sa ɗaukar bidiyon biki da suna. Wajen rabon gado ya samu wata 'yar kyamara da mahaifin sa ya yo tsarabar ta daga aikin Hajji. Burin sa ɗaya: ya ɗauki kakar sa, wadda tsufa ya cim ma, da kyamarar ɗan ta.

Ya kai ta Kankiya, ya wuce Kano. Wani mai shago ya ga lamba 8 a jikin ta, sai ya miƙo kaset ɗin Hi8, ya ce, "Ɗan'uwa, ai ga abincin ta nan." Ina! Hi8 kaset ɗin bidiyo ne na Sony da ya fito a 1989. Faɗin milimita 8 kawai ya haɗa su.

Ko a fim ɗin ma, masu lamba 8 iri uku ne. Akwai Regular 8 na Kodak, tun 1932, wanda ke zuwa a faifai, a ɗauki gefe ɗaya sannan a juya. Akwai Super 8 na 1965, a cikin baƙin kwanso mai kusan kusurwa huɗu. Sai Single-8 na kamfanin Fuji, kwanson sa daban. Babu mai shiga gidan wani. Tasa dai Super 8 ce.

To, a nan aikin ya ke. Kwanson Super 8 na da 'yar tsaga a gefe, ita ke gaya wa kyamara yawan hasken da fim ke buƙata. Ƙananan kyamarori irin tasa lamba biyu kurum su ke ganewa, 40 da 160, saboda da Kodachrome 40 aka fi aiki a zamanin su. Kodak ya daina yin sa na Super 8 a 2005, kuma ɗakin wanki na ƙarshe a duniya, a Kansas ta Amurka, ya rufe karɓar sa a ƙarshen 2010.

Ya so Ektachrome 100D, wanda ya dawo kasuwa a 2018, don ana haska shi da majigi kai-tsaye. Amma irin sa ba ya yafe kuskuren haske, in kyamara ta karanta ba daidai ba hoto ya lalace. 500T kuwa na duhu ne, ranar Katsina za ta yi masa yawa. Sai ya zaɓi Vision3 50D: fim ɗin rana ne, ya na kusa da 40, kuma ya na jure ƙarin haske. Shi nagatif ne, bayan wanki sai an juye shi a kwamfuta.

Kwanso guda ƙafa 50 ne, wato minti 3 da daƙiƙa 20 a kan hoto 18 cikin daƙiƙa. Ba a gogewa, ba "a sake". Babu sauti kuma, don haka da waya ya naɗi muryar tsohuwar. Da hantsi ya ɗauke ta ta na kaɗi a tsakar gida, ya aika da fim ɗin Turai aka wanko.

Mai irin wannan kyamara a adaka, ya buɗe murfin ta ya ga wane kwanso ta ke ci kafin ya ciro ko sisi. In kuma ya tarar da tsohon Kodachrome a ciki, kada ya yar. Kalar ta wuce, amma har yanzu ana iya wanko shi baƙi da fari.