Jiran ruwan fari a Hanwa

Bazara ta kama a Hanwa. Hazon hunturu ya washe, kwanon rufi na ɗaukar zafi tun hantsi, da dare kuwa kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Rijiyoyi sun ja baya, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka. Mangwaro ne kaɗai ke ba mutum haƙuri.

Ni dai ruwan fari nake jira, amma ina shakkarsa. A nan ƙasar Zazzau yakan sauka a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, da iska mai yaye rufi, wani lokaci kuma ya ɗauke ƙafa mako biyu ko uku. Manomin da ya yi gaggawar shuka masara sai ya sake sayen iri, ga shi iri ya yi tsada. Shi ya sa dattawa ke tona ƙasa su ga inda laima ta kai kafin su ɗauki sungumi, ko da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta fitar da hasashenta tun farkon shekara.

Fatana bana ruwa ya zo a jere, kogin Kubanni ya cika ba tare da ya yi ɓarna ba, taki kuma ya samu kafin noman farko.